Dangin Jiragen Sama na ERJ: Rabe-rabensu da Tarihin Aikinsu

1.0 Gabatarwa

Kamar yadda harsuna suke da dangi, haka ma jiragen sama. Idan kamfani ya ƙera jirgi ya ga ya karɓu, ba ya komawa ya faro sabo daga tushe, domin yin haka yana cin kuɗi da shekaru masu yawa. Abin da yakan yi shi ne ya ƙara wa na farkon tsawo, ko ya rage, ko ya sauya masa inji, har a sami jirage iri-iri masu asali ɗaya. Wannan darasi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan dangi, wato ERJ na kamfanin Embraer da ke ƙasar Burazil. Manufar darasin ita ce a nuna cewa ba fasahar injiniyoyi kaɗai ke tsara siffar jirgi ba. Kasuwa da doka da farashin mai da yarjejeniyar ma'aikata duk suna da hannu a ciki.

2.0 Ma'anar Jirgin Gajeren Zango

Jirgin jet na gajeren zango shi ne ƙaramin jirgin fasinja wanda galibi kujerunsa ba su kai 100 ba. Aikinsa shi ne haɗa ƙananan birane da manyan filayen jirgin sama, inda fasinjoji za su sauya zuwa manyan jirage masu tafiya mai nisa. Kafin shekarun 1990, jirage masu farfela ne suka fi yin wannan aiki. Ba sa shan mai sosai, amma ba su da sauri, suna da ƙara, kuma ba sa hawa sama sosai, saboda haka sukan sha jijjiga idan yanayi ya ɓaci. Wannan ya sa fasinjoji da yawa ba sa son su.

3.0 Asalin Dangin ERJ

Gwamnatin Burazil ce ta kafa kamfanin Embraer a 1969, a birnin São José dos Campos da ke jihar São Paulo. A shekarun 1980 kamfanin ya yi suna da wani jirgi mai farfela mai kujeru 30 da ake kira EMB 120 Brasilia. A 1989 ya ba da sanarwar cewa zai ƙera jirgin jet ta hanyar ƙara wa gangar jikin Brasilia tsawo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An yi ta sauya tsarin jirgin, musamman wurin da za a ɗora injuna. An fara da tunanin ɗora su a saman fukafukai, aka koma ƙarƙashinsu, daga bisani aka tsaya a kan ajiye su a gefe biyu na bayan jirgin, kusa da wutsiya. A daidai wannan lokaci kamfanin ya faɗa cikin matsalar kuɗi, har gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa a watan Disamba na 1994. Jirgin ya yi tashinsa na farko a ranar 11 ga Agusta, 1995, kuma ya fara ɗaukar fasinja a Amurka a 1997 a hannun kamfanin Continental Express. Cinikin wannan jirgi na daga cikin abubuwan da suka farfaɗo da Embraer.

4.0 Rabe-raben Dangin

Duk 'yan wannan dangi suna da injuna biyu samfurin AE 3007 na kamfanin Rolls-Royce. Faɗin jikinsu ɗaya ne, kuma kujeru uku ne a kowane layi: ɗaya a hagu, biyu a dama. Suna gudun kimanin kilomita 830 a sa'a, suna kuma iya kai ƙafa 37,000 a sama. Bambancinsu yana ga tsawo da nisan zangon da suke iya ci.

4.1 ERJ 145

Shi ne uban dangin. Tsawonsa ya kusa mita 30, kuma yana da kujeru 50. Wannan adadi yana da dalili: dokar Amurka ta yarda ma'aikacin cikin jirgi ɗaya ya kula da jirgin da kujerunsa ba su wuce 50 ba. Da an ƙara kujera ɗaya tak, sai an ɗauki ma'aikaci na biyu. Daga baya an fitar da nau'o'insa masu cin zango mai nisa. Nau'in LR yana iya tafiyar kusan kilomita 2,900, shi kuwa XR, wanda aka lanƙwasa ƙarshen fukafukansa zuwa sama don rage shan mai, yana kai kimanin kilomita 3,700.

4.2 ERJ 135

Wannan ƙane ne ga na farko, an rage masa tsawo zuwa mita 26 da ɗoriya, da kujeru 37. Ya fara aiki a 1999. An yi shi ne domin hanyoyin da fasinjojinsu ba za su cika kujeru 50 ba.

4.3 ERJ 140

Yana da kujeru 44, kuma ya fara aiki a 2001 a kamfanin American Eagle. Labarinsa ya fi na sauran koyar da darasi. Ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanonin Amurka sun ji tsoron kada a kwashe aikinsu a ba ƙananan kamfanoni masu biyan albashi kaɗan. Saboda haka suka sa aka rubuta cikin yarjejeniyar aikinsu iyakar yawan jirage masu kujeru 50 da ƙananan kamfanonin za su riƙe. Sai Embraer ya ƙera jirgi mai kujeru 44, wanda wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Ke nan takardar yarjejeniya ce ta yanke tsawon wannan jirgi.

4.4 Sauran Rassa

Daga ERJ 135 aka fitar da Legacy 600, jirgin alfarma na attajirai da shugabanni. Daga ERJ 145 kuma aka fitar da jirgin soja mai ɗauke da na'urar hangen nesa a gadon bayansa, wanda Burazil da Girka da Meziko da Indiya suka saya.

Amfanin wannan dangantaka a fili yake. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sassan jiragen fasinjan nan uku iri ɗaya ne, kuma matuƙin da ya ƙware a ɗaya yana da izinin tuƙa sauran. Kamfani kan rage kuɗin horo da na kayan gyara.

5.0 Tarihin Aikinsu

Shekarun farko na bunƙasa ne. Kamfanonin Amurka da na Turai sun yi ta saye, inda ERJ ya yi gogayya mai zafi da jirgin CRJ na kamfanin Bombardier na Kanada. Gogayyar ta kai har ƙasashen biyu suka kai ƙarar juna gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen shekarun 1990, kowace tana zargin ɗayar da tallafa wa kamfaninta ba bisa ƙa'ida ba. An kuma riƙa harhaɗa jirgin a birnin Harbin na ƙasar Sin daga 2003 zuwa 2016.

Tarihin dangin bai rasa ranar baƙin ciki ba. A ranar 29 ga Satumba, 2006, wani sabon Legacy 600 ya yi karo a sama da jirgin Boeing 737 na kamfanin Gol a kan dajin Amazon. Legacy ya samu ya sauka da mutanensa lafiya, amma dukkan mutum 154 da ke cikin Boeing sun rasu. Bincike ya gano kurakuran masu ba jirage hanya, ya kuma gano cewa na'urar da ke sanar da matsayin Legacy ba ta kunne a lokacin.

Koma-bayan dangin ya zo ne ta fuskar kuɗi. Jirgin jet mai kujeru 50 yana shan mai da yawa idan aka raba shi a kan kowane fasinja. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 2008, ribar irin waɗannan jirage ta ragu ƙwarai. Kamfanoni suka karkata ga masu kujeru 70 zuwa sama, ciki har da sabon dangin E-Jet na Embraer da ya fara aiki a 2004. An daina ƙera dangin ERJ a 2020, bayan an fitar da sama da guda 1,200.

6.0 Zango na Biyu a Afirka

Jiragen da kamfanonin Amurka da Turai suka ajiye sun yi araha, kuma girmansu ya dace da hanyoyin Afirka masu ƙarancin fasinja. Kamfanin Airlink na Afirka ta Kudu ya daɗe yana amfani da su. A Nijeriya, Air Peace ya shigo da ERJ 145 cikin jiragensa, United Nigeria ya fara aiki da su a 2021, sai Rano Air a 2023. Dalilin shi ne, cika kujeru 50 ya fi sauƙi a kan cika 150, kuma jirgin da ya tashi rabinsa wayam asara yake jawowa. Sai dai tsohon jirgi yana buƙatar gyara a kai a kai, kuma da kuɗin ƙasashen waje ake sayen kayan gyaransa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda dangin ERJ ya tsiro daga jirgi mai farfela, ya rabu gida uku, ya bunƙasa, sannan tsadar mai ta rage masa kasuwa. Doka ce ta tsayar da kujeru 50, ƙarancin fasinja ya kawo 37, yarjejeniyar matuƙa ta haifar da 44. Malamin da zai koyar da tarihin kowace irin ƙira ya kamata ya saba wa ɗalibansa da tambayar dalilin da ya sa aka yi ta haka, ba su tsaya ga haddace sunaye da lambobi ba.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa fasinjoji suka fi son jirgin jet a kan mai farfela.
2. Bayyana dalilin da ya sa aka ƙera ERJ 140.
3. Me ya jawo koma-bayan jirage masu kujeru 50, kuma me ya sa suka karɓu a Afirka?