Man Shafawa da Warkar Miki: Abin da Masana Suka Gano

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya fata ta zama garkuwar jiki. Bayan haka, tun kaka da kakanni mutanen ƙasar Hausa ke shafa man kaɗe da man shanu a kaushi da faso da miki. To, ya kamata malamai da fatake su san inda mai ke amfani da inda yake cutarwa, domin su ake tambaya.

Masana sun duba fata da madubin likita, suka tarar bayanta kamar ginin tubali yake. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani irin kitse kuwa shi ne ƙasar da ke kama su. In kitsen nan ya ragu, ruwan jiki ya riƙa fita, fata ta bushe ta tsage. A shekarar 1929, George Burr da matarsa Mildred, a Amurka, suka hana ɓeraye cin kitse ƙwarai, sai fatarsu ta yi ɓawo, wutsiyarsu ta lalace. Daga baya suka gane wani sashe ne na mai, ana ce da shi linoliyik, jiki ba ya iya yinsa sai an ci.

A 1962 kuma, wani Baturen Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, don fatarsu ta yi kama da ta mutum. Ya ga mikin da aka rufe ya zauna da damshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin haɗewa, kusan ninki biyu. Dalili kuwa, sabuwar fata jan ciki take yi daga gefe zuwa tsakiya, busasshen ɓawo kuwa tare mata hanya yake yi.

Ga yadda ake gwajin. Akan raba masu jinya kashi biyu, a shafa wa waɗansu, a bar waɗansu, ana auna faɗin mikin kullum. Akwai kuma na'urar auna tururin da ke fita daga fata. Da ita aka gano a garin Shefil na Ingila, a 2013, cewa man sanfulawa, mai yawan linoliyik, bai raunana fata ba, amma shafa man zaitun kullum na makonni ya raunana ta. Wannan ba aibu ba ne ga zaitun, albarkarsa wajen ci tana nan. Man kaɗe kuwa, an sami sinadarai a cikinsa masu kwantar da kumburi, kuma yana tsare ruwan fata.

Amma fa a yi hattara. Ba a shafa mai a ɗanyar ƙuna, sai a yi ta kwarara mata ruwan sanyi har minti 20, kana a nufi asibiti. Haka nan miki mai zurfi ko mai ruwa, da cibiyar jariri, mai marar tsabta na iya kai musu ƙwayar tatanas mai sandarar da jiki, wadda ke kisa.

Saboda haka, mai sayar da man kaɗe ya tace shi, ya rufe shi daga ƙura, kada ya gauraya shi da wani abu, kada kuma ya ce maganin kowane miki ne. Amana ce a wuyansa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.