Saukar Jirgin Sama da Jagorancin Tauraron Ɗan'adam

Matuƙin jirgin sama da ya doso fili cikin hazo ko gajimare ba ya ganin ƙasa, na'urorin da ke gabansa su ne idonsa. An daɗe wannan aiki yana hannun ILS, na'urar da ake kafawa a filin jirgi tana harba siginar rediyo iri biyu: ɗaya ta saita jirgi da tsakiyar titi, ɗaya ta shata masa gangare na kusan digiri 3. Abar dogaro ce, sai dai akwai tsada da yawan kula, kuma kowane bakin titi sai an kafa masa tasa. Shi ya sa ƙananan filaye da dama ba su taɓa samunta ba.

GPS ba ta neman komai a filin. Taurarinta suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, na'urar cikin jirgi kuma tana auna lokacin da siginar kowannensu ta ɗauka kafin ta iso. Da taurari huɗu ta san inda jirgi yake. Da biyar tana iya gane cewa ɗaya ya kauce, da shida kuwa ta ware mai matsalar ta ci gaba da aikinta. A 1994 hukumar FAA ta Amurka ta fara amincewa da irin wannan na'ura wajen sauka.

Hanyar saukar jerin ɗigo ne a sararin sama, kowanne da sunansa, a adane cikin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ana sabunta su duk bayan kwana 28. Matuƙi ba ya shigar da su da hannu. Zaɓen hanyar yake yi sukutum da sunanta, sannan ya gwada ɗigo bayan ɗigo da taswirar sauka. Idan ya rage mil 30 na ruwa a kai fili, ma'aunin kaucewa a allon yakan tsuke zuwa mil 1, a zangon ƙarshe kuma ya koma 0.3, ta yadda ɗan karkata kaɗan zai sa allura ta motsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsayi, domin GPS ta fi ƙwarewa wajen faɗin inda jirgi yake a kan faɗin yadda ya yi sama. Saboda haka hanya mafi sauƙi, LNAV, hagu da dama kawai take nunawa. Don cike giɓin Amurka ta ƙaddamar da WAAS a 2003: tashoshi a ƙasa suna auna kuskuren siginar, a aika gyaran ga jirage ta wasu taurari. Turai tana da EGNOS, Indiya tana da GAGAN. Da wannan gyara ake yin saukar LPV, wadda a wasu filaye take kawo jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa, daidai da ILS ta matakin farko. A nan, in matuƙi bai ga titi ko fitilunsa ba, ba shi da zaɓi sai ya ba injin wuta ya koma sama. Kalmar da ta fito a allo ita ce alƙali: in na'ura ta sauko daga LPV zuwa LNAV, iyakar tsayin ma ta canja.

Akwai wata hanya ta tsakiya, tsakanin LNAV da LPV, wadda manyan jirage suke yawan amfani da ita, inda ake lissafa gangare da ma'aunin nauyin iska. A watan Mayun 2022 wani Airbus A320 da ke sauka a filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwan sama aka ba shi lambar nauyin iska 1011 maimakon 1001. Wannan bambanci na 10 ya sa jirgin ya bi ƙasa da hanyarsa da kusan ƙafa 280, alhali allonsa yana nuna komai daidai. Saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa tun bai kai titi ba, kafin ya cira sama.

Filayen Kano, Yamai da Njamena, inda ƙurar hunturu ke hana sauka, suna cikin masu buƙatar wannan fasaha, amma yankin yana da tasa matsalar: sashen sama mai ɗauke da cajin lantarki ya fi hargitsa sigina a kusa da ikweta, musamman bayan faɗuwar rana. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, wadda Nijar, Chadi da Kamaru suke ciki, tana gina nata tsarin gyaran, kuma a Janairun 2021 an yi gwajin sauka a Lome da siginar da tauraron Nijeriya NigComSat-1R ya watsa.

Siginar GPS tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, toshe ta ba ya da wuya. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta ƙasar Istoniya na wata guda saboda katsalandan ga siginar, bai koma ba sai da aka tanadi hanyar sauka mai dogaro da na'urorin ƙasa.