Kafin Babur Ya Shiga Filin Tsere

A Ingila, filayen da ake fafata manyan gasannin babur ba sa zama a kulle tsakanin wata gasa da wata. A ranakun da babu tsere, kamfanoni kan karɓi hayar filin su sayar da gurbi ga duk mai cikakken lasisin tuƙi, ya zo da babur ɗin da yake hawa kullum ya yini yana zagaya. Akawu da malamin makaranta da direban babbar mota duk sukan haɗu a layi ɗaya tun da sanyin safiya. Ana yin haka a Brands Hatch da ke yankin Kent, da Cadwell Park mai hawa da gangara a Lincolnshire, da Donington Park inda aka gudanar da zagayen Birtaniya na babbar gasar babur ta duniya daga 1987 zuwa 2009. Dukkan ukun suna hannun kamfanin MotorSport Vision na Jonathan Palmer, tsohon direban Formula 1.

Abin da sabon shiga ya kamata ya fara fahimta shi ne wannan rana ba ta tsere ba ce. Ba a ba da kofi, kuma yawancin masu shiryawa a Birtaniya sun hana ɗaukar lokacin zagaye. Akan raba mahaya gida uku: sababbi, matsakaita, da waɗanda suka goge. Kowane rukuni kan samu kamar minti 20 a cikin awa guda, sau shida ko bakwai a yini. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mota mai tahowa, babu mahaɗa, babu mai tsallaka titi. A bakin kwanoni an baza tsakuwa don tare wanda ya kauce, ga ma'aikata da tutoci, ga motar asibiti a tsaye. Abin da ya rage wanda zai iya jawo matsala shi ne babur ɗin da kuma mutumin da ke kansa.

Da yawa sukan ɗauka sai an kashe kuɗi an ƙara wa inji ƙarfi kafin a je. Ɓarnar kuɗi ce kawai. Babur na titi mai lafiya ya fi ƙarfin abin da sabon mahayi zai iya nema daga gare shi a rana ta farko, kuma aikin da ake bukata bai wuce wanda bakanike mai kula zai yi a yini ɗaya ba.

Taya ce farko. Wadda ta siɗe, ko ta tsufa ta yi tauri, ko tsakiyarta ta baje saboda doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi, ba ta da wurin zuwa, domin a fili gefen taya ne ke aiki. Sai kuma batun iska, wanda ke ba mutane mamaki. Manyan babura da yawa ana ba su 36 a gaba da 42 a baya a ma'aunin psi da masu faci ke amfani da shi, saboda an yi lissafin kaya da goyo. A fili kuwa akan rage, sau da yawa zuwa wajen 30 gaba da baya, kafin taya ta ɗau zafi. Dalili shi ne gudu da birki da kwana suna dumama tayar fiye da yadda titi ke yi, iskar ciki ta kumbura, ma'aunin ya hau da kansa. Wanda ya shiga da iskar titi zai tarar tayarsa ta yi tauri, ɗan wurin da ke taɓa kwalta ya ragu. Adadin ya danganta da irin tayar, shi ya sa ake tambayar mai sayar da taya da akan samu a filin maimakon kwaikwayon na kusa.

Birki ne na biyu, kuma a nan sakaci ya fi ɓuya. Man birki irin DOT 4 yana shan danshin iska a hankali. Ƙa'idarsa ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. A cikin gari ba a jin bambancin. A fili, inda ake matse birki da ƙarfi sau da yawa a kowane zagaye, tsohon mai sai ya tafasa ya yi kumfa, mahayi ya ja hannun birki ya ji ya tafi laƙwas har ya taɓa maƙama, ga kwana ta iso. Don haka man da ya kai shekara biyu a canza shi, a kuma duba fad ɗin da ke damƙe faifan birkin, domin wanda ya ci rabi zai iya ƙarewa kafin la'asar.

Sauran abubuwan ba su da wuya: a daidaita sarƙa yadda littafin babur ya ce, a shafa mata mai, a bi notuna a ɗaure, a tabbatar totur na komawa da kansa idan an sake shi. Yoyo kuwa, ko ɗigo ne, ba a yafe shi, domin baƙin man da ya zuba daga babur ɗaya na bayansa yake kayarwa. Saboda wannan ne masu shirya irin ranar da dama a Amurka ke sa rukunin ƙwararru su zubar da ruwan lagireto mai sinadarin gilaikol, wanda ke da santsi ƙwarai idan ya malala a kwalta, su zuba ruwa zalla ko wani marar santsi. Madubi akan cire shi ko a rufe da selotef. Ba don gilashi kaɗai ba: mahayin da ke leƙen baya yakan kauce daga layinsa don ba da hanya, kuma wannan kaucewar ce ke haɗa shi da mai wucewa.

Akwai kuma salansa. Filayen Ingila suna da maƙwabta, kuma ƙananan hukumomi sun ɗora musu iyakar ƙara. A wurare da yawa akan kanga na'ura a bakin salansa da safe, iyakar kuma takan kasance 102 ko 105 a ma'aunin desibel. Mai salansar da ƙararta ta wuce iyaka, ya biya kuɗinsa amma a gefe zai yini yana kallo.

Tufafi ba a sassauta su. Ana bukatar rigar fata mai haɗe da wando, ko guda biyu da zif ya zagaye ƙugu ya haɗe su, da safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai tsawo, da hular kwano mai rufe haɓa, wadda galibi ake so ta zo da tambarin zinariya na hukumar ACU mai kula da wasannin babur a Birtaniya. Garkuwar baya wasu sun wajabta ta, wasu shawara suke bayarwa, amma mai hankali ba ya jiran a tilasta masa. Masu karatu a Nijeriya za su tuna yadda aka kwashe da dokar hular kwano a watan Janairun 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. A bakin fili ma'aikaci na duba maɗaurin hular kafin ya bar mutum ya wuce.

Kafin a kunna inji akwai taron bayani, kuma wanda bai halarta ba ba ya shiga. A nan ake karanta tutoci. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a sassauta, ba wucewa. Ja na nufin an dakatar da zagayen, kowa ya koma a hankali. Mai ratsin rawaya da ja tana gargaɗin santsi, baƙa kuwa mutum ɗaya take kira ya fito, ko dai babur ɗinsa na da matsala ko shi ne matsalar. A nan ne kuma ake nanata cewa nauyin wucewa lafiya yana kan mai wucewa, na gaba aikinsa ya riƙe layinsa, kuma mai niyyar fita ya ɗaga hannun hagu tun da wuri. Daga nan sai sababbi su bi bayan malami zagaye biyu ko uku a hankali don ganin yadda filin yake.

Faɗuwa a irin wannan rana tana da lokutan da ta fi so. Ɗaya shi ne farkon fita, lokacin da taya take da sanyi kuma zuciya take da zafi, shi ya sa ake cewa a ba ta zagaye biyu ta dumama a duk fita, ba ta safe kaɗai ba. Ɗayan shi ne bayan azahar, lokacin da mutum ya fara jin ya iya, alhali cinyoyi sun gaji, gumi ya ƙarar da ruwan jiki a cikin rigar fata, hankali ya fara rarrabuwa. Tsofaffin hannu sukan sha ruwa bayan kowace fita, kuma ba sa jin kunyar barin ta ƙarshe ta wuce su.

Darasin da ya fi wuyar shiga kai shi ne na ido. Babur yana bin inda mahayi ke kallo. Wanda ya tsorata a kwana ya ƙura wa tsakuwa ido, cikinta zai ƙare. Keith Code, wanda ya kafa makarantar California Superbike School a 1980, ya gina yawancin koyarwarsa a kan irin waɗannan ɗabi'u na firgita: sakin totur a tsakiyar kwana, ƙanƙame maƙama, kafe ido wuri ɗaya. Kwanar Paddock Hill ta Brands Hatch ta isa misali, domin ana shigarta ne ba a hango ƙarshenta, sai ƙasa ta zame ta gangara. Sabon mahayin da ya rage gudu da wuri ya ɗaga kai ya nemi mafita zai fita lafiya, gudun kuma zai zo daga baya ba tare da an kira shi ba. Burin goga gwiwa a kwalta don a ɗauki hoto a ajiye shi sai wani zuwan.

Saura lissafin aljihu. Inshorar titi ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere, kuma bisa al'ada kowa shi ke gyara nasa ko da wani ne ya buge shi. Mai babur ɗaya tilo da yake zuwa aiki da shi sai ya nemi inshora ta musamman ta ranar, ko ya yi hayar babur a filin. Wanda kuma ya hau nasa ya zo, kada ya kama hanyar gida sai ya mayar da iskar tayarsa yadda take, ya ɓare selotef daga madubi.