Hazel McCallion: Shekaru 36 tana riƙe da birnin Mississauga

A lokacin da aka zaɓi Hazel McCallion a matsayin magajiyar garin Mississauga na ƙasar Kanada a 1978, mazauna birnin ba su kai 300,000 ba, kuma akasarin ƙasarsa gonaki ne. Da ta sauka a 2014, tana da shekaru 93 da haihuwa, yawan jama'arsa ya haura 700,000.

An haife ta ne a 1921 a ƙauyen Port Daniel da ke lardin Quebec. Ta yi shekaru tana aiki da wani kamfanin injiniyoyi kafin ta shiga siyasa, inda ta zama magajiyar ƙaramin garin Streetsville a 1970. Ta yi adawa da haɗe garin nata da maƙwabtansa a 1974 domin kafa birnin Mississauga, a yamma da Toronto, amma bayan shekaru huɗu ita aka damƙa wa ragamar sabon birnin.

Hatsarin jirgin ƙasa

A watan Nuwamba na 1979 wani jirgin ƙasa ɗauke da sinadarai masu haɗari, ciki har da kulorin, ya kauce daga kan dogo a cikin birnin, ya kama da wuta.

An kwashe mutane fiye da 200,000 daga gidajensu, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Yadda ta tsaya kan lamarin, duk da targaɗen da ta samu a ƙafa, shi ya fito da sunanta a faɗin Kanada.

Sau goma sha biyu ana ba ta wannan muƙami. A zaɓukan baya-baya ta daina yaƙin neman zaɓe, ta kuma daina karɓar gudummawar kuɗi, amma a 2006 ta samu fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa.

Birni ba bashi

Abin da aka fi tunawa da ita a kansa shi ne yadda birnin ya yi sama da shekaru 30 bai ci bashi ba. Duk kamfanin da ke son gina rukunin gidaje sai ya biya hukumar birnin kuɗi, da su kuma ake shimfiɗa tituna, ana gina ɗakunan karatu da wuraren taruwar jama'a.

Sai dai tsarin ya dogara ne ga samuwar fili. Da gonakin suka ƙare kuɗin shiga suka ragu, tsofaffin tituna suka buƙaci gyara, kuma kafin ta sauka birnin ya fara cin bashi. Masu suka sun ce ta bar birni mai faɗi wanda marar mota ke shan wahalar zirga-zirga a cikinsa.

An kuma zarge ta da haɗa aikin hukuma da maslahar iyali. A 1982 kotu ta same ta da saɓa dokar da ta hana hakan, amma ta ɗauke shi a matsayin kuskure, ta bar ta a kan kujerarta. A 2011 wani kwamitin bincike ya ce ta sa baki a wani cinikin fili da ɗanta ke da hannu a ciki, ko da yake a 2013 kotu ta yi watsi da ƙarar da aka shigar domin tsige ta.

Ta rasu a ranar 29 ga watan Janairu na 2023 tana da shekaru 101. Shekara guda kafin nan gwamnatin lardin Ontario ta sa wa sabon layin dogo na titin Hurontario sunanta.