Babbar Salla a Paris: layya ba hayaƙi

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Salla a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san yadda ranar take: ana saukowa daga idi sai a yanka raguna, a feɗe, a banƙare su bisa itatuwa, a jera su kewaye da wuta a ƙofar gida har dare. Washegari ake rabo, yara su yini suna kai kwanonin nama gidajen dangi da maƙwabta.

Ɗan Nijar mazaunin Paris ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokar Faransa ta hana yanka dabba in ba a mayankar da hukuma ta yarda da ita ba. Wanda ya saɓa yana iya shan ɗaurin wata 6 da tarar Yuro 15.000. Shi kansa mai yankan sai yana riƙe da takardar izini daga babban masallacin Paris, wanda aka ba wannan iko a 1994, ko daga na Lyon da na Evry, da suka samu nasu a 1996. Saboda haka mai layya kan biya kuɗi gun mahauci tun da sauran kwanaki, ya karɓi ragonsa a feɗe, bai ma taɓa ganin ƙahonsa ba. Wasu kuwa gida suke aika kuɗin, a yanka musu a can, inda mabuƙata suka fi yawa.

Ranar Salla ba ranar hutu ba ce a ƙasar. Daga masallaci sai wurin aiki. Shi ya sa akan ɗaga liyafar zuwa Asabar ko Lahadi. Mata su nufi unguwar Château Rouge, a gunduma ta 18, su sayo kuɓewa, kuka, tattasai da garin gero. A zaɓi gidan wanda ɗakinsa ya fi faɗi, a ture kujeru, a shimfiɗa tabarma. Naman kuwa a tanda ake gasa shi, kuma gaskiya ba ya kama ƙafar wanda ya yini yana shan hayaƙin itace. Yaji ne ke rufa masa asiri.

Amma dubi waɗanda ke kewaye da akushin: Bahaushe, Bazabarme, Buzu, Bafillace, ga aboki ɗan Senegal ko Mali da aka haɗu da shi wurin aiki. Wanda aka fi damuwa da shi shi ne ɗalibin da ya zo bana, ba dangi, ba kuɗin rago. In ba a neme shi ba, shi kaɗai zai yi Salla a ɗaki da burodi. Sai kuma yaran da aka haifa can, waɗanda a nan kaɗai suke ganin yadda ake durƙusa wa babba a ce masa barka da Salla.

Rabon ma ba a bar shi ba. Kafin jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe ya wuce, uwargida kan ƙunsa wa kowane baƙo nasa kason, ta ware na maƙwabcin da ya haƙura da hayaniyar yinin.