Me ya sa majalisun hira ke dusashewa a Tambuwal da Kebbe?

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya ka sami unguwar da ba ta da majalisa: tabarma a ƙofar gida ko bencin mai shayi, inda maza ke haɗuwa bayan sallar La'asar ko Isha'i.

Majalisa ba ta da rajista, kuma babu wata uwar ƙungiya da ke juya ta. A nan ake jin farashin gero da albasa, a tafka muhawara kan siyasa, a kuma haɗa gudummawar biki ko jinya.

To sai dai a 'yan shekarun nan wannan zama yana rage armashi.

Daga rediyo zuwa waya

A da, rediyo ne ke ciyar da majalisa da abin tattaunawa. BBC ta fara shirye-shiryen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Akwatin rediyo guda yakan ishi mutum goma, kuma da zarar an gama labarai sai muhawara ta ɓarke.

Shigowar wayar salula Najeriya a 2001, da bazuwar Facebook da WhatsApp da TikTok daga baya, sun sauya wannan tsari. Labari ya koma tafin hannun kowa, ta yadda mutane za su zauna a tabarma ɗaya amma kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Manyan shafukan an tsara su ne don su riƙe hankalin mai kallo, kuma abin kallonsu ba ya ƙarewa. Ita kuwa majalisa takan dogara ne ga mutum biyu ko uku masu iya jan hira. Idan suka tafi ci-rani ko hidimar iyali ta ɗauke su, sai zaman ya yi sanyi, sauran ma su riƙa janye jiki.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga haka ba. A shekarar 2000 masanin siyasa Robert Putnam ya wallafa littafi kan raguwar shiga ƙungiyoyi a Amurka, inda ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan talabijin.

Tsaro da tsadar rayuwa

Yankin na maƙwabtaka da jihar Zamfara, wadda ta daɗe tana fama da 'yan bindiga. A ƙauyukan da ake zaman ɗar-ɗar, hirar dare takan gajarta, kuma tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto kan sa mutane kame bakinsu.

Haka nan tsadar kayayyaki da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta sa magidanta da dama ba su da lokacin zama.

Abin da ake asara

A majalisa an san mai magana, an san gidansu, don haka wanda ya kawo ji-ta-ji-ta sai ya kare ta a gaban mutane. Saƙon murya da aka turo ta waya ba shi da wannan takunkumi.

A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. A wuraren da abin ya shafa, rediyo da bakin maƙwabci ne suka rage wa jama'a.

Wannan ya nuna cewa waya na iya ɗaukewa a rana guda, kuma unguwar da majalisarta ta watse za ta rasa wurin tantance labari da yanke shawara a lokacin da ta fi bukatarsa.