Jinkirta aikin karatu

Jinkirta aikin karatu, wanda ake kuma kira jan ƙafa a karatu, shi ne ɗalibi ya ɗage fara aiki ko kammala shi da ganganci, alhali yana da niyyar yinsa, yana da halin yinsa, kuma ya san ɗagewar za ta cutar da shi. Ɗabi'ar ta fi bayyana a ayyukan da ke da dogon wa'adi, kamar jingar da malami ke bayarwa a farkon zangon karatu, da kundin kammala digiri, da shirin jarrabawa. Masana halayyar ɗan Adam na kallonta a matsayin matsalar sarrafa kai da sarrafa yanayin zuciya, fiye da matsalar rashin sanin tsara lokaci.

Ma'ana da asalin kalma

A Turanci ana kiran wannan ɗabi'a procrastination. Kalmar ta fito daga harshen Latin, inda "pro" ke nufin turawa gaba, "crastinus" kuma abin da ya shafi gobe. A Larabci ana cewa taswif, daga ƙwayar "saufa" da ake sakawa gaban aikatau don nuna abin da za a yi nan gaba. A Hausa babu kalma guda da ta tattara ma'anar gaba ɗaya. Ana amfani da jinkiri, jan ƙafa, nawa, kasala da ƙyuya, kuma kowacce na da inda ta fi karkata. Karin maganar "a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani" tana gargaɗi ne a kan wannan hali.

Masana na bambanta jan ƙafa da abubuwa biyu masu kama da shi. Na farko shi ne lalaci: malalaci ba ya da niyyar aikin tun asali, amma mai jan ƙafa yana son ya yi, kuma rashin yin yana damunsa. Na biyu shi ne jinkiri mai dalili. Ɗalibin da ya dakata har malami ya amince da batun bincikensa, ko wanda rashin lafiya ko ɗaukewar wuta ta tsayar da shi, ba ya cikin masu jan ƙafa. Haka nan tsaikon da ya zo daga waje, kamar yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022.

Tarihin nazari

Maganar ɗage aiki tsohuwa ce. Mawaƙin Girka Hesiod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gargaɗi ɗan'uwansa a kan barin aikin gona sai gobe. Aristotle ya tattauna abin da Girkawa ke kira akrasia, wato mutum ya san abin da ya fi masa alheri amma ya aikata saɓaninsa.

Nazarin kimiyya a kan ɗalibai ya kankama ne a ƙarshen ƙarni na 20. A 1984 Laura Solomon da Esther Rothblum na Jami'ar Vermont a Amurka sun tambayi ɗalibai 342. Kashi 46 cikin ɗari sun ce kusan kullum suna jinkirta rubuta jingar zangon karatu, kimanin kashi 30 suna jinkirta karatun mako-mako, kusan kashi 28 kuma suna jinkirta shirin jarrabawa. Ke nan dogon rubutu shi ne aikin da aka fi ja wa ƙafa. A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara sakamakon ɗaruruwan bincike a mujallar Psychological Bulletin. Ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa, kuma kusan rabinsu abin ya zame musu matsala mai maimaituwa. Yawancin waɗannan alƙaluma daga ɗaliban Amurka ta Arewa da Turai aka samo su.

Dalilai

Ƙin aikin da tsoron faɗuwa. Waɗannan su ne manyan dalilai biyu da binciken Solomon da Rothblum ya fitar. Aikin da ke da gundura, ko wuya, ko wanda ba a fayyace shi ba, ya fi saurin jawo ɗagewa. Jinga ta haɗa duka ukun: ɗalibi ne zai zaɓi batu, ya nemo manazarta, ya yanke shawarar inda zai fara, kuma a ƙarshe wani ne zai auna aikin ya ba shi maki.

Gyaran yanayin zuciya na ɗan lokaci. A 2013 Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana jan ƙafa a matsayin hanyar guje wa ɓacin rai. Tuna aikin na kawo fargaba ko gundura, ajiye shi kuma na kawo sauƙi nan take. Wannan sauƙin shi ne ladan da ke sa ɗabi'ar ta kafu. Nauyin kuwa yana komawa kan mutumin na gobe, wanda ɗalibi ke zaton zai fi shi na yau kuzari.

Nisan wa'adi. Steel da Cornelius König sun gabatar da wani ra'i a 2006 wanda ke cewa kuzarin yin aiki ya dogara da abubuwa huɗu. Yana ƙaruwa da tsammanin nasara da kuma darajar aikin a wurin mai yinsa. Yana raguwa da nisan lokacin samun sakamako da kuma saurin shagalar mutum. Wannan ya bayyana abin da ya sa jingar da ta rage wata biyu ba ta iya gogayya da hira ko waya, amma a daren ƙarshe sai ta rinjayi komai. Aikin bai canza ba, wa'adin ne ya matso. Steel ya gano cewa saurin shagala da ƙarancin kame kai suna da alaƙa mai ƙarfi da jan ƙafa, alhali alaƙarsa da son yin aiki ba kuskure ko kaɗan tana da rauni fiye da yadda ake zato.

Kuskuren ƙiyasin lokaci. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 cewa mutane kan raina lokacin da aiki zai ci. A 1994 Roger Buehler, Dale Griffin da Michael Ross sun gwada haka a kan ɗaliban da ke rubuta kundin digiri a Kanada. Ɗaliban sun ƙiyasta kimanin kwana 34 a matsakaici, suka ce idan komai ya dagule za su kai kwana 49. A zahiri aikin ya ci kimanin kwana 55, kuma kusan kashi 30 ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba.

Matsalolin lafiya. Jan ƙafa mai tsanani yakan zo tare da ciwon damuwa, fargaba, da larurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD. Shi kansa jan ƙafa ba a lissafa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa ba.

Illoli

Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin ɗalibai a Amurka tsawon zangon karatu, suka buga sakamakon a 1997. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da ƙarancin rashin lafiya. A ƙarshen zango lamarin ya juya: sun fi shiga matsi, sun fi rashin lafiya, kuma makinsu a jinga da jarrabawa ya yi ƙasa. Idan aka haɗa zangon gaba ɗaya, wahalar da suka sha ta fi sauƙin da suka samu. Wannan ya raunana da'awar da wasu ɗalibai ke yi cewa sun fi ƙoƙari idan lokaci ya ƙure.

Aikin daren ƙarshe ba ya barin lokacin bita, don haka kurakuran hujja da na rubutu sukan wuce zuwa hannun malami. Ƙurewar lokaci na daga cikin abubuwan da ke tura ɗalibi ga kwafar aikin wani ko biyan kuɗi a rubuta masa, kuma jami'o'i na hukunta satar fasaha da soke aiki, dakatarwa ko kora. A jami'o'in Najeriya jinga da gwaje-gwajen cikin zango sukan ɗauki kashi 30 ko 40 na makin kwas, saboda haka wanda ya rasa su yana shiga jarrabawa da giɓi. Kundin digiri kuma sai malami mai dubawa ya karanta shi babi-babi, kuma wanda ya kawo nasa a makare yakan tarar da layi, wani lokacin har ya rasa kammalawa tare da 'yan ajinsu.

Muhawara

A 2005 Angela Chu da Jin Nam Choi sun ce akwai masu jinkiri da gangan, waɗanda ke son matsin wa'adi kuma suna gama aiki da kyau. Wasu masana, ciki har da Pychyl, ba su yarda a kira wannan jan ƙafa ba. A ganinsu jinkirin da aka tsara kuma bai cutar ba dabara ce ta aiki, jan ƙafa kuwa a ma'anarsa yana tattare da cutarwa. Akwai kuma ƙorafi a kan hanyar aunawa, domin yawancin bincike ya dogara ne da abin da ɗalibai suka faɗa game da kansu.

Hanyoyin fara aiki

Babban abin da masana ke nanatawa shi ne kuzari sau da yawa yana biyo bayan farawa. Pychyl da abokan aikinsa sun lura cewa ɗalibai sukan ga aiki bai kai wuyar da suka zata ba da zarar sun sa hannu. Tun a 1928 Maria Ovsiankina ta nuna cewa mutane na da ɗabi'ar komawa ga aikin da aka katse su suna cikin yinsa. Don haka yawancin dabarun suna nufin sauƙaƙa matakin farko.

Rarraba aiki. "Rubuta jinga" ba aiki ɗaya ba ne. Ya ƙunshi karanta tambayar da fahimtar abin da ake nema, zaɓar batu, nemo manazarta, fitar da bayanai daga cikinsu, tsara kanun sassa, rubuta daftari, bita, da jera manazarta. Matakin da ya dace a fara da shi shi ne wanda za a iya gamawa a zama ɗaya, kamar nemo maƙala uku ko rubuta tambayar bincike cikin jimla guda.

Ƙayyade lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika. A wani gwaji da ya buga da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoto a kan yadda suka yi jajiberin Kirsimeti cikin kwana biyu bayan ranar. Kashi 71 na waɗanda suka tsayar da lokaci da wurin rubutu sun yi a kan kari, a cikin sauran kuwa kashi 32 ne kawai. Niyya irin "zan fara a makon nan" ta fi rauni a kan "ranar Talata bayan laccar ƙarfe goma zan shiga laburare in karanta maƙala ta farko".

Gajeren zama a kai a kai. Robert Boice, wanda ya yi nazarin ɗabi'un rubutu na malaman jami'a a Amurka, ya gano cewa masu rubutu kaɗan-kaɗan kullum sun fi masu jiran dogon lokaci su yi zama ɗaya samar da shafuka. Dabarar Pomodoro, wadda Francesco Cirillo na Italiya ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, ta ginu a kan aiki na minti 25 da hutun minti 5, sai dogon hutu bayan zagaye huɗu.

Raba rubutu da gyara. Daftarin farko ba don malami ake yinsa ba. Malaman rubutu na ba da shawarar a fara da sashen da aka fi sani, a bar gabatarwa sai an san abin da aikin ya ƙunsa.

Gyara muhalli. Tunda saurin shagala na cikin manyan dalilai, nesanta abin shagala ya fi dogaro da ƙarfin zuciya. Ajiye waya a wani ɗaki, kashe sanarwar WhatsApp da TikTok, da sauke maƙalun da ake buƙata kafin a rufe intanet duk suna cikin wannan.

Ƙiyasi daga abin da ya gabata. Maganin raina lokaci shi ne ɗalibi ya duba kwanakin da irin wannan aiki ya ci masa a baya, ya gina jadawalinsa a kansu. Alƙawarin nuna wa aboki ko malami wani sashe a rana tsayayya yana matso da wa'adi kusa.

Yafe wa kai. A 2010 Michael Wohl, Pychyl da Shannon Bennett na Jami'ar Carleton sun gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jinkirin shirin jarrabawa ta farko sun rage jan ƙafa a ta biyu. Zargin kai yana ƙara wa aikin ɗaci, ɗacin kuma shi ke sa a sake gudunsa.

Neman taimako

Idan jan ƙafa ya kai ga faɗuwa kwas a jere, ko ya zo tare da rashin barci, yanke ƙauna ko janyewa daga mutane, ana shawartar ɗalibi ya ga mai ba da shawara na makaranta ko likita. Wani gwaji da Alexander Rozental da abokan aikinsa suka yi a Suwidin, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa maganin gyaran tunani da ɗabi'a da ake bayarwa ta intanet ya rage jan ƙafa a tsakanin mahalarta idan aka kwatanta su da waɗanda ke jiran layi. Su ma malamai suna da rawar takawa, ta hanyar fayyace abin da ake nema a jinga da karɓar aikin mataki-mataki maimakon wa'adi guda a ƙarshen zango.